Odita Janar da Tsaron Dukiyar Jama'a a Nijeriya

Gabatarwa

A kowace shekara Shugaban Ƙasa yakan kai wa Majalisar Tarayya kiyasin kuɗin da gwamnati take so ta kashe, a yi ta muhawara a kansa makonni ko watanni, sa'an nan a zartar da shi ya zama doka. Jaridu da gidajen rediyo sukan cika da labarin wannan kasafi, an ware kaza domin ilmi, kaza domin lafiya, kaza domin hanyoyi. Amma idan shekara ta ƙare, kuɗi sun fita daga baitulmali, ba safai akan ji wanda ya koma ya tambaya ko sun isa inda aka nufe su ba. Alhali kuwa Tsarin Mulki ya ajiye wani jami'i musamman domin yin wannan tambaya, shi ne Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda ma'aikata suka fi sani da Odita Janar.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana asalin wannan muƙami, da ikon da doka ta ba shi, da yadda ake gudanar da binciken a ofisoshi, da kuma wuraren da aikin yake tsinkewa. Abin da bayanin zai nuna shi ne, Odita Janar yana da ikon gani da faɗi, amma ba shi da ikon hukunci, saboda haka amfanin rahotonsa ya rataya ne a kan abin da wasu suka yi da shi bayan ya fito.

Asalin Aikin

Tushen binciken kuɗi tsohuwar ƙa'ida ce, watau wanda aka ba ajiya ba shi ne zai ba da shaidar cewa ajiyar tana nan lafiya ba. Musulunci ya san wannan tun farkonsa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓar zakka, da ya komo aka yi masa lissafi. Mutumin ya ware wasu kaya ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah ya tsawatar, ya nuna cewa muƙamin ne ya jawo kyautar, domin da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kai masa. Haka kuma an san Halifa Umar ɗan Haɗɗabi da rubuta dukiyar gwamna a lokacin naɗa shi, idan daga baya ta haɓaka fiye da kima sai a raba ta, a mai da kashi guda baitulmali.

Amma tsarin da Nijeriya take bi daga Ingila aka gado shi. A can an daɗe da yarda cewa sarki ba ya sanya haraji sai da iznin majalisa, sai dai majalisar ba ta da tabbatacciyar hanyar sanin yadda aka kashe abin da ta amince da shi. William Gladstone, sa'ad da yake Ministan Kuɗi, shi ne ya toshe wannan kafa. A 1861 aka kafa Kwamitin Binciken Asusun Gwamnati a majalisa, a 1866 kuma aka yi dokar da ta tilasta wa kowace ma'aikata ta fid da lissafin abin da ta kashe a shekara, ta miƙa wa wani babban mai bincike wanda ba ya ƙarƙashin minista, shi kuma ya kai rahoto majalisa. Da wannan sai al'amarin ya zama da'ira: majalisa ta ba da izni, ma'aikata ta kashe, odita ya bincika, rahoto ya komo wa majalisar da ta ba da iznin.

A 1910 aka buɗe sashen binciken kuɗin ƙasashen mulkin mallaka a Landan, wanda yake aika oditoci zuwa ƙasashe irin su Nijeriya. A Jihar Arewa kuwa, wajen 1911 aka fara kafa baitulmalin En'e, inda aka yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi, aka ɗora wa Ma'aji rubuta shiga da fitar kowane kwabo. A 1956 aka yi dokar binciken kuɗi ta tarayya, a 1958 kuma aka yi dokar sarrafa kuɗin gwamnati, waɗanda a kansu aka gina aikin bayan samun mulkin kai a 1960.

Abin da Tsarin Mulki Ya Tanada

Tsarin Mulki na 1999 ya fara da kafa ƙa'ida a sashe na 80, cewa ba a fitar da kuɗi daga babban asusun gwamnati sai da iznin doka. Sashe na 85 kuma ya kafa muƙamin Odita Janar, ya ɗora masa binciken lissafin kuɗin Tarayya da na dukan ofisoshinta da kotunanta. Domin ya iya wannan aiki, an ba shi, ko wanda ya wakilta, ikon ganin kowane littafi da takarda da suka shafi lissafin. An ce ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai cikin kwana 90 daga ranar da ya karɓi lissafin shekara daga hannun Akanta Janar, kowace majalisa kuma ta sa kwamitinta na binciken asusun gwamnati ya duba shi. Har ila yau sashen ya ce wajen gudanar da aikinsa ba ya bin umurnin kowa.

Sashe na 86 da na 87 sun yi maganar naɗi da tuɓewa. Shugaban Ƙasa ne yake naɗa shi bisa shawarar Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, sa'an nan Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ba a cire shi kafin lokacin ritayarsa sai idan kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Dattawa sun nemi haka, saboda ya gaza yin aikin ko ya aikata ba daidai ba. Wanda yake riƙon ƙwarya kuwa ba ya wuce wata 6 sai da amincewar Majalisar Dattawa. Albashinsa daga babban asusu yake fita kai tsaye, kamar yadda sashe na 84 ya tanada. Kowace jiha tana da nata Odita Janar a bisa irin wannan tsari, a sashe na 125 zuwa 127.

Ya kamata ɗalibi ya rarrabe tsakanin jami'ai guda biyu da akan rikita. Akanta Janar ma'aikacin ɓangaren zartarwa ne, shi yake tsare littattafai ya biya kuɗi. Odita Janar shi yake duba littattafan, majalisa kuma yake kai wa rahoto. Da a ce mutum guda ne yake yin duka biyun, da an ba kura ajiyar nama.

Yadda Ake Binciken

A kowace ma'aikata akwai jami'i guda da lissafin kuɗi yake wuyansa, shi ne Babban Sakatare, a hukumomi kuwa shugaban hukumar. Minista yana tsara manufa, amma Babban Sakatare ne zai amsa tambaya idan kuɗi suka salwanta. A ƙarƙashinsa akwai oditan cikin gida, wanda yake duba takardu kafin a biya. Shi wannan ma'aikacin ma'aikatar ne, don haka ba ya maye gurbin ma'aikatan Odita Janar, waɗanda suke zuwa daga waje.

Idan waɗannan suka zo, daga bauca suke farawa, watau takardar biyan kuɗi. Kowace bauca ana yi mata tambayoyi sanannu. Shin an ware kuɗin wannan abu a kasafin shekarar? Wanda ya sa hannu yana da ikon amincewa da kuɗi mai wannan yawa? An bi dokar ba da kwangila ta 2007, an yi talla an gwada farashi? Akwai rasit da takardar sitokifa mai nuna cewa kayan sun shiga sito? An cire harajin da ya kamata, an kuma kai shi inda ya dace? Bayan bauca sai su duba kuɗin da aka ba ma'aikata adibas domin tafiya ko sayayya, su ga ko an kawo lissafinsu. Su gwada jerin masu karɓar albashi da mutanen da suke zuwa aiki. Su gwada littafin kuɗi da takardar banki. Su ƙirga motoci da injuna da ke rubuce a rajista.

Sau da yawa takarda takan cika sharuɗɗa amma aikin babu shi, shi ya sa odita nagari ba ya tsayawa a tebur. A ɗauka misali an ba ɗan kwangila aikin haƙa rijiyoyin burtsatse 10, injiniya ya sa hannu cewa an gama, an biya duka. Idan odita ya taka ya tarar da 6 kawai, to, kuɗin 4 sun zama abin tuhuma, kuma tuhumar ta hau kan injiniyan da ya ba da shaida, da jami'in da ya amince, kafin ma a je ga ɗan kwangila. Idan kuwa goman suna nan amma rabinsu ba sa ba da ruwa, an shiga wani irin bincike ke nan, wanda ake tambayar ko abin da aka samu ya kai darajar abin da aka kashe. Ingila ta sanya irin wannan bincike a dokarta ta 1983, tare da sharaɗin cewa odita ba ya sukar manufar gwamnati ita kanta, sai dai yadda aka aiwatar da ita.

Duk abin da odita ya gani ba daidai ba, ba ya kai shi majalisa nan take. Yakan rubuta takardar tuhuma zuwa ga Babban Sakatare ya nemi bayani. Idan amsa ta gamsar, magana ta mutu. Idan ba ta gamsar ba, ko aka yi shiru, sai batun ya shiga rahoton shekara. Daga nan kwamitin majalisa ya kira jami'in ya amsa a bainar jama'a. Bisa al'adar da aka gado daga Ingila, ɗan jam'iyyar hamayya ake ba shugabancin wannan kwamiti, domin kada gwamnati ta zama mai shari'ar kanta.

Inda Aikin Yake Tsinkewa

A rubuce wannan tsari ya yi kyau, amma akwai kafofi da dama da aka gani a aikace.

Ta farko tana cikin Tsarin Mulkin kansa. Sashe na 85, wanda ya ba Odita Janar iko, shi ne kuma ya hana shi binciken lissafin kamfanoni da hukumomin da aka kafa da dokar majalisa, ya hana shi ma naɗa musu oditoci. Abin da yake yi kawai shi ne ya ba su jerin sunayen ƙwararrun oditoci masu zaman kansu su zaɓa, ya ba da shawara kan ladan da za a biya su, ya yi sharhi kan rahoton da suka fitar, ya kuma riƙa kai ziyarar dubawa jifa-jifa. Ke nan hukuma ita take zaɓen mai bincikenta, ita take biyansa. Alhali kuwa irin waɗannan hukumomi su ne suke tara kaso mafi tsoka na kuɗin shiga. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, an kafa shi a 1977, amma sai a 2020 ya fara buga wa jama'a lissafinsa da aka bincika. A 2016 rahoton Odita Janar na shekarar 2014 ya ce kamfanin bai zuba kimanin naira tiriliyan 3.2 a asusun Tarayya ba, kamfanin ya musanta wannan adadi. Saɓani mai wannan girma tsakanin ofisoshi biyu na gwamnati guda ya isa ya nuna illar kafar.

Ta biyu ita ce jinkiri. Kwana 90 da aka ɗibar wa Odita Janar ba sa fara aiki sai Akanta Janar ya miƙa lissafi, Tsarin Mulki kuwa bai yanka wa Akanta Janar rana ba. Shi ya sa rahoton shekarar 2019, alal misali, sai a 2021 ya isa majalisa. Kafin rahoto ya fito an yi wa jami'in canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, ɗan kwangila ya rufe kamfaninsa, fayil ya ɓace, an kuma zartar da sabon kasafi sau biyu ba tare da sanin kurakuran na baya ba. Binciken ya zama ihu bayan hari.

Ta uku ta shafi 'yancin ofishin. An tsare albashin Odita Janar, amma kuɗin aikin ofishinsa da ɗaukar ma'aikatansa sun biyo ta hannun ɓangaren zartarwa, wanda shi ne ake bincika. Odita da ba shi da kuɗin mota ba zai je ya ga rijiya ba. Bugu da ƙari, kariyar sashe na 87 ta wanda aka tabbatar ce kaɗai. A Janairun 2003 Vincent Azie, wanda yake riƙon ƙwarya, ya miƙa wa majalisa rahoto kan lissafin 2001, inda ya bayyana ƙarin farashin kwangila, da biyan aikin da ba a yi ba, da kuɗin adibas da ba a kawo lissafinsu ba, a manyan ofisoshi da yawa. Da watanninsa 6 suka cika ba a tabbatar da shi ba, ya sauka a watan Fabrairu. Ba a karya harafin doka ba, amma duk mai riƙon ƙwarya da ya biyo baya ya ga abin da ya faru. Majalisar Tarayya ta 8, wadda ta zauna daga 2015 zuwa 2019, ta zartar da ƙudurin sabuwar dokar bincike domin ƙarfafa ofishin, amma har ta tashi ƙudurin bai sami sa hannun Shugaban Ƙasa ba.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce rashin hukunci. Odita Janar ba ya kama kowa, ba ya kai ƙara, ba ya tilasta a mai da kuɗi. Kwamitin majalisa shi ma shawara yake bayarwa. Aiwatarwa tana hannun ma'aikatun da aka tuhuma, da hukumomin ladabtar da ma'aikata, da hukumomin yaƙi da cin hanci irin su ICPC da aka kafa a 2000 da EFCC da ta fara aiki a 2003. Idan waɗannan ba su motsa ba, laifi iri guda yakan sake fitowa a rahoton shekara bayan shekara, jami'ai su fahimci cewa ƙin amsa takardar tuhuma ba ya jawo kome.

Darasi daga Wasu Ƙasashe

Waɗannan matsaloli ba Nijeriya kaɗai ta gamu da su ba, akwai kuma ƙasashen da suka nemi magani. Wajen tsare muƙami, Amurka ta kafa ofishinta na bincike a 1921, ta ba shugabansa shekara 15 sau ɗaya tak, Ingila kuma a dokar 2011 ta yanka shekara 10 ba sabuntawa. Hikimar ita ce, wanda ba ya neman a sake naɗa shi ba ya buƙatar faranta wa kowa rai. A Nijeriya kuwa ranar ritayar ma'aikaci ce take yanke wa'adin, har akan naɗa mutumin da 'yan shekaru kaɗan suka rage masa.

Wajen hukunci, Gana ta yi nisa. Tsarin Mulkinta na 1992, a sashe na 187, ya ba Odita Janar ikon soke duk kashe kuɗin da ya saɓa wa doka, ya ɗora biyansa a kan wanda ya jawo, wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. An yi shekaru ba a amfani da wannan iko, sai a 2017 Kotun Ƙoli ta ba da umurnin a riƙa aiki da shi. Daniel Domelevo, wanda yake kan muƙamin a lokacin, ya yi aiki da shi sosai. A Yulin 2020 fadar Shugaban Ƙasa ta tura shi hutun dole, a Maris 2021 aka ce ya yi ritaya, a 2023 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tura shi hutun ya saɓa wa Tsarin Mulki. Hukuncin ya zo bayan mutumin ya tafi, amma ya kafa ƙa'ida ga na baya. Afirka ta Kudu ita ma tun daga Afrilun 2019 ta ba Odita Janar nata ikon ba shugaban ma'aikata takardar bashi da sunansa, idan ya ƙi ɗaukar matakin mai da kuɗin da suka salwanta.

Abin lura a labarin Gana shi ne, ƙarin iko yana jawo ƙarin matsi, saboda haka ikon hukunci ba ya ɗorewa sai da tsaron muƙami, da kotu mai tsayawa, da jama'a masu sa ido. Ƙungiyar 'yan ƙasa ce ta shigar da ƙarar da ta kai ga hukuncin 2017.

Kammalawa

Nijeriya ta yi gyare-gyare a wajen rufe hanyar ɓarna tun daga tushe, kamar biyan albashi ta kwamfuta da aka fara a 2007, da tattara kuɗin gwamnati a asusun bai ɗaya a 2015. Waɗannan sun sauƙaƙa bin sawun kuɗi, amma ba su amsa tambayar abin da za a yi idan an gano ɓarna ba. Gyaran da ya rage a fili yake: a yanka wa Akanta Janar ranar miƙa lissafi, a ba ofishin Odita Janar kuɗin aikinsa kai tsaye da wa'adi tsayayye, a buɗe masa littattafan hukumomi, a kuma tilasta wa kowace ma'aikata ta bayyana abin da ta yi da shawarar kwamiti.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da yake hannun ƙaramin ma'aikaci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa takan fara ne daga akawun da ya sa hannu a baucar da ba ta da rasit, ko sitokifan da ya rubuta ya karɓi kayan da bai gani ba. Umurnin baki na maigida ba ya fitowa a fayil, sa hannun na ƙasa shi yake fitowa, don haka ma'aikaci mai hankali yakan nemi a rubuta masa umurni, ya ajiye kwafin takardunsa, ya amsa takardar tuhuma cikin lokaci. Ɗalibi kuwa ya sani rahoton Odita Janar takarda ce ta jama'a, ana samunta a intanet, an jera ma'aikatu da hukumomi a cikinta ɗaya bayan ɗaya da adadin kuɗin da ake tambaya a kai. Duk wanda ya karanta abin da aka rubuta game da ma'aikatar da ta shafi garinsu, yana da abin da zai tambayi ɗan majalisarsa ranar da ya zo neman ƙuri'a.